Muhawara: Wanda ka ceta a wasa na farko, da gaske na uku yana tuna shi?

Abban Gwale: Assalamu alaikum 'yan gida. Tun da wuri, wanda bai gama wasannin kwamfuta na Mass Effect ko Dragon Age ko The Witcher ba ya yi haƙuri ya wuce, domin za a tona labari a nan.

Makon jiya laftof ɗina ta mutu. Mai gyara ya buɗe ta, ya ce ma'ajiyar ce ta ƙone, babu abin da zai ciru. A ciki Shepard ɗina take, jarumar da nake bugawa a Mass Effect, wadda na faro da ita tun wasa na farko, na kai ta ƙarshen na biyu ba tare da na rasa mutum ko ɗaya a harin ƙarshe ba. Na ari kwamfutar yayana na kunna na uku kai tsaye, babu fayil ɗin ajiya. Da aka zo taron shugabanni a cikin jirgin Normandy ina jiran in ga Wrex, abokin yaƙina ɗan jinsin Krogan, sai ga wani ƙato wai shi Wreav. Wasan ya ɗauka Wrex ya mutu tun a Virmire. Wallahi kashe kwamfutar na yi, na kasa ci gaba. Ni da na tsaya a bakin ruwan nan ina lallashinsa har ya sauke bindiga.

Tambayata: in koma tun daga farko, ko in haƙura in ci gaba a haka? Akwai bambancin da ya kai a sake wannan doguwar tafiyar?

Yaya Sadi: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ƙanina. Amma ni shawarata ka ci gaba kawai. Na buga wasannin nan uku sau biyu, sau ɗaya ina mutumin kirki, sau ɗaya ina mugu, kuma abin da na gani shi ne hanyar ɗaya ce, fenti kawai ake sauyawa. Ɗauki sarauniyar Rachni a Noveria. An tsayar da kai an ce makomar jinsi guda tana hannunka, ka sake ta ko ka hallaka ta. Ka hallaka ta, ka zo na uku, sai a ce ai Reapers, manyan maƙiyan wasan, sun ƙera wata. Kogon ɗaya, faɗan ɗaya. Ka zaɓi Anderson ya zauna a majalisa, ka zo na uku ka tarar da Udina a kujerar. In Mordin, masanin kimiyyar tawagar, ya mutu a ba ka Padok Wiks, in Wrex ya mutu a ba ka Wreav. Kowane gurbi akwai ɗan canji a benci. To ina zaɓin yake?

Ummi Tuchanka: Yaya Sadi, a kan Rachni da Udina ban musa maka ba. Amma sanya Wrex a cikin wannan jerin, a nan muka rabu.

Abba, saurara. Maganar Tuchanka, duniyar Krogan, ita ce ko za a warkar da cutar da aka ɗora wa Krogan ta hana su haihuwa. In Wrex ne shugaba, kana da dalilin yarda cewa in sun yawaita ba za su koma yaƙin mamaya ba, don ka san shi, kun ci wuya tare. In Wreav ne, shi da bakinsa yake nuna maka ramuwa ce a ransa. Ka ga aikin ɗaya ne, hasumiyar watsa maganin ɗaya ce, amma tambayar da ke gabanka ta sauya gaba ɗaya. Sannan akwai bayanan binciken Maelon da ka samu a wasa na biyu. In ka adana su, Eve, macen Krogan da ake samo maganin daga jikinta, za ta rayu. In ka goge, za ta mutu. Kuma in aka haɗa biyun, Wrex babu, Eve babu, a nan ne kaɗai za ka iya shawo kan Mordin ya fasa hawa hasumiyar, ya rayu. In kuwa Wrex yana raye ka ci amanarsa ka lalata maganin, zai gano, ya biyo ka har Citadel, kuma ba zai fita da rai ba. Hukunci ɗaya daga wasan 2007, ɗaya daga na 2010, suka haɗu suka sauya abin da zai yiwu a na 2012. Wannan ba fenti ba ne.

Yaya Sadi: Na yarda Tuchanka ta fita daban. Amma fage nawa ne irinta a cikin wasan? Ita da Rannoch. Shi ke nan.

Ummi Tuchanka: To ai Rannoch ɗin ma ba ƙarama ba ce. In Tali ko Legion ya mutu a na biyu, ƙofar sulhu tsakanin jinsinsu biyu, Quarian da Geth, ta rufe, dole jinsi ɗaya ya ƙare a gaban idonka. Ƙawata ta tura wanda bai dace ba cikin bututun nan a harin ƙarshe na wasa na biyu, ta kuma rasa Tali daga baya, sai da ta kai Rannoch ta gane abin da ta jawo. Ta kira ni a waya muryarta na rawa.

Injiniya Bash: Bari in shigo ta ɓangaren aikina, don ina rubuta manhaja, ko da yake ba ta wasa ba. Abin da ke cikin fayil ɗin da Abba ya rasa ba labari ba ne. Jerin alamomi ne kawai: wannan e, wannan a'a, wannan lamba kaza. Wrex yana raye, e. An ceci majalisa, a'a. Ɗaukar wannan jerin daga wasa zuwa wasa ba shi da wuya ko kaɗan, fayil ɗin ma ƙarami ne. Wahalar tana wajen amsa kowace alama. Kowace "e" tana buƙatar marubuci ya rubuta, ɗan wasa ya shiga ɗakin ɗaukar murya, mai zane ya motsa fuska da hannu, masu gwaji su bi su duba. Kuma Shepard murya biyu ce, ta namiji da ta mace, Mark Meer da Jennifer Hale, don haka kowane layi nasa sau biyu ake ɗauka.

Yanzu yi lissafi. Zaɓi ɗaya mai rassa biyu, hanya 2. Zaɓi 10, hanya 1,024. Zaɓi 20 ya haura miliyan ɗaya. Babu kamfanin da zai gina wannan. Shi ya sa suke barin reshen ya ɗan buɗe sannan su maido shi jikin bishiyar. Abin da Yaya Sadi ya kira ɗan canji a benci, ita ce kaɗai dabarar da za ta sa a gama wasan a sayar. A wasa na biyu kowa a tawagar zai iya mutuwa, to ta yaya za ka ɗora ginshiƙin na uku a kan mutumin da wataƙila ba ya nan? Shi ya sa yawancin tawagar na biyu, irin su Jack da Samara da Jacob, suka koma masu leƙowa a fage ɗaya su wuce.

Yaya Sadi: Injiniya, na fahimci uzurin. Amma uzurin mai gini bai shafi mai haya ba. In ba za ka iya ba, kada ka ce min duk abin da na yi zai biyo ni. Kowa ya tuna ƙarshen na uku a Maris 2012, da 'yan wasa suka yi ca a kai har sai da aka fitar da Extended Cut, ƙarin bayanin ƙarshen, kyauta a watan Yuni. Shekara biyar mutum yana tara hukunce-hukunce, a ƙarshe a tsayar da shi gaban ƙofa uku masu launi uku.

Malam Ɗanjuma: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Wannan abin ya girme BioWare, kamfanin da ya yi Mass Effect da Dragon Age. Tun Wizardry na 1981 ake ɗauko mayaƙa daga wasa na farko a shiga na biyu da su. Quest for Glory na kamfanin Sierra, da ya fara a 1989, in ka gama sai ya ce ka adana jaruminka, ka kai shi na gaba. Ni na same shi daga baya ne, a wata tsohuwar kwamfuta a wajen aiki, kuma na riƙe wannan ɗan faifan kamar takardar fili.

Amma ku lura da bambanci. A wancan lokacin jarumin ake ɗauka, wato ƙarfinsa da ƙwarewarsa, ba abin da ya aikata ba. Baldur's Gate II na shekarar 2000 ma haka ne. Ka shigo da jaruminka, ka farka a kurkukun Irenicus, ga Imoen, ga Minsc, ga Jaheira, ko da kuwa ba ka taɓa tafiya da su ba a na farko. Khalid da Dynaheir sun mutu, ko ka so ko ba ka so. Ba mu ji an cuce mu ba, domin ba wanda ya yi mana alkawari. Abin da Mass Effect ya ƙaro shi ne ɗauko alhaki. Da ka ce wa mutum alhakinsa zai biyo shi, to ka ɗora wa kanka bashi.

Abban Gwale: Baba Malam, wannan kalmar ta alhaki ita ce daidai abin da nake ji. Ba makamai ko maki nake kuka a kai ba. A harin ƙarshe na wasa na biyu sai da na ɗauki biro da takarda. Na sayi sulken jirgi, na sayi garkuwar da Tali ta kawo, na sayi igwar Garrus. Da aka sace ma'aikatan jirgin ban tsaya wani aiki ba, na bi su nan take don na ji an ce jinkiri yana kashe su. Na sa Tali a bututu, Samara ta riƙe lemar kariya, na haɗa ma'aikatan da ɗan rakiya. Aka ɗauke wuta ana tsakiyar faɗan, batirin ya kai ni ƙarshe da kyar. Duk wannan yanzu babu wanda ya san an yi sai ni.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum daga Nijar. Ni ɗan The Witcher ne, kuma ina ganin mutanen Poland sun fi gaskiya a wannan harka. A wasa na uku na 2015, in ba ka da ajiya, ana kai Geralt, jarumin wasan, fadar Vizima, wanzami yana yi masa aski kafin ya ga sarki, shi kuma Janar Morvran Voorhis yana zaune yana yi masa tambayoyi. Ka kashe Aryan La Valette? Da Roche ka bi ko da Iorveth? Me ya sami Síle? Letho fa? Amsoshinka su ne tarihinka. Ba a fitar da kai daga labarin ba, ba a tura ka wani shafi ba.

Ni na bar Letho, makashin sarakunan da ake bi a wasan, da rai a ƙarshen na biyu. Muka zauna muka sha abin sha, ya faɗi dalilinsa, na juya na tafi. Da na shiga wani tsohon gida a Velen cike da tarkuna na same shi a ɓoye, na ji kamar na haɗu da abokin da muka rabu shekaru. Daga baya ya zo Kaer Morhen ya tsaya mana a yaƙi.

Ummi Tuchanka: Ɗan'uwa, Letho na yarda. Amma Iorveth fa? A wasa na biyu, zaɓi tsakanin Roche da Iorveth yana ba ka babi na biyu daban ɗungurungum, wani a sansanin Sarki Henselt, wani a cikin garin Vergen. Ban san wasan da ya yi wannan ƙarfin hali ba. Ni Iorveth na bi, na tsaya tare da Saskia. Na zo na uku, Iorveth ko ƙeyarsa ban gani ba, Roche kuma yana nan daram yana mu'amala da ni. Rabin wasa aka share min. Wannan ya fi na Rachni ciwo.

Ɗan Maraɗi: Gaskiyarki, Anti. Wannan ba ni da amsarsa. Ni Roche na bi, shi ya sa ban ji zafin ba.

Yaya Sadi: Kun gani? Wanda zaɓinsa ya dace da abin da marubuta suke so shi yake yabo. Ku zo Dragon Age ku ga abin da ya fi. A Origins na 2009, in ka gurɓata tokar Andraste, Leliana tana iya juya maka, ka kashe ta da hannunka. Ka zo Dragon Age II a 2011, ga ta nan. Ka zo Inquisition a 2014, ita ce ma shugabar leƙen asirinka. Sai a ƙarshen Trespasser, ƙarin babin Inquisition, aka kawo wani bayani don a rufe ɓarakar.

Hajiyar Ferelden: Na jima ina karantawa ban yi magana ba. Sadi, na Leliana kuskure ne, ba wanda zai kare shi. Amma Inquisition ɗin da kake suka shi ne ya fi kowane wasa girgiza ni. Sun buɗe shafin Dragon Age Keep, domin wasan ya fito a sabbin na'urori kuma ba za a iya ɗauko tsohon fayil ba. Ka zauna ka cike tarihinka tambaya bayan tambaya, muryar Varric ta karanta maka shi. Na shafe dare guda a kai ina tuno abin da na yi shekara biyar baya.

A tarihina Alistair bai hau sarauta ba, yana nan a cikin Grey Wardens. Da aka shiga Fade, duniyar mafarki da ruhohi, a tsakiyar wasan, aka ce dole mutum ɗaya ya tsaya ya tare dodon domin sauran su tsira, ko Hawke ko shi. Hawke ni ce na buga ta wasa guda cur, wato Dragon Age II. Alistair kuma shi ne abokin tafiyata tun Ostagar. Wanda bai shigo da tarihi ba Stroud ake ba shi a wannan gurbin, mutumin da bai san shi sosai ba, ya bar shi ya wuce ba tare da tunani ba. Ni kuwa na tashi na yi sallar isha'i na dawo, allon yana nan yana jirana. Ɗan canji ne a benci, kamar yadda ka ce. Amma nauyin gurbin yana ga wanda aka zaunar a ciki.

Injiniya Bash: Hajiya ta taɓo abin da nake son faɗa. Ga kamfani, sauya Stroud da Alistair ƙaramin kuɗi ne idan aka kwatanta da gina sabon gari. Ga ɗan wasa kuwa shi ne komai. Masu wayo a cikin marubuta sun gane cewa ba yawan rassan ake ji ba, inda aka sa su ake ji.

Hajiyar Ferelden: Shi ya sa Veilguard, Dragon Age na huɗu, ya ɓata min rai. Shekara goma muna jira, ya fito a ƙarshen Oktoban 2024, aka ajiye Keep gefe, tambaya uku kacal aka yi, duk daga Inquisition: wa Inquisitor, jarumin wasan, yake so, an rushe rundunar ko an bar ta, kuma ya yi niyyar tsayar da Solas ne ko ceto shi. Wanda na bari a Fade ba a tambaya ba. Morrigan tana cikin wasan, amma ba a tambaye ni ko tana da ɗa ba, alhali ni na yanke wannan hukuncin daren yaƙin ƙarshe a Origins. Sun ce labarin ya koma arewacin Thedas, nesa da wuraren da muka sani. Na ji, amma ban gamsu ba.

Yaya Sadi: Ni kuwa wannan ya fi min. Gara a ce min ba za a ɗauka ba, da a ɗauka a murɗe. The Elder Scrolls ma ai ba sa wahalar da kowa. Daggerfall yana da ƙarshe da yawa, sai suka ce lokaci ne ya tsage, duka sun faru. Kowane sabon wasa sabon lardi, sabon jarumi.

Malam Ɗanjuma: Sadi, wannan hanya ce, amma ta mai gudun bashi ce. Akwai waɗanda suka ɗauki bashin suka biya ba tare da dukiyar manyan kamfanoni ba. The Banner Saga, ƙaramin kamfanin Stoic, wasa uku daga 2014 zuwa 2018. A ƙarshen na farko ko Rook ya mutu ko 'yarsa Alette, kuma wanda ya rage shi ne zai ja ayarin a na biyu. Uban da ya binne 'yarsa da 'yar da ta binne ubanta ba magana ɗaya suke yi ba. Sun iya ne saboda yawancin labarin rubutu ne da zane, ba sai an ɗauki murya ga kowane layi ba. Pillars of Eternity II na 2018 ma ya yi ƙoƙari, har alkawarin da ka yi wa gumakan duniyar a na farko, in ka saɓa, suna tuna maka.

Jikana kuma ya nuna min Golden Sun a kan Game Boy Advance. In ba ka da wayar haɗa na'ura biyu, kalmar sirri mai harafi 260 za ka kwafa da hannu ka shigar a wasa na biyu. Ka kuskure harafi ɗaya, ka bi layi-layi kana nema. Mutane sun zauna sun yi, don kada tafiyarsu ta ɓata.

Abban Gwale: To yanzu ni ina mafita? Data ba arha ba, lokaci kuma ga jarabawa tana zuwa.

Injiniya Bash: Hanya uku ce. In Legendary Edition ta 2021, wadda ta haɗa wasannin uku, gare ka, fara daga na biyu ka kunna Genesis. Wani ɗan labarin zane ne da aka yi a 2011 saboda masu PlayStation 3, waɗanda a lokacin ba su da wasa na farko. Cikin mintuna kaɗan za ka zaɓi manyan abubuwan, har da Wrex, amma ƙananan ba sa ciki. Ta biyu, a kwamfuta akwai manhajojin gyara fayil ɗin ajiya, ka kunna alamomin da hannunka. Ta uku ka koma Eden Prime, farkon wasa na farko, ka faro. Ko wacce ka bi, daga yau ka riƙa kwafe fayilolin a filash, ka kuma tura wa kanka a imel. Ba su da nauyi.

Ummi Tuchanka: Ni dai kada ka taɓa manhajar gyaran nan. Na gwada sau ɗaya. Wrex ya fito, ya kira sunan Shepard da muryar nan tasa, amma ban ji komai ba, don na san akwati kawai na danna. Ƙananan abubuwan da Injiniya ya ce babu su a Genesis, su ne rabin daɗin: wasiƙun da ke shigowa daga mutanen da ka taimaka a Feros, Conrad Verner da ke ta biyo ka tun Citadel. Ka gama jarabawarka ka faro a hutu.

Yaya Sadi: Ni har yanzu ina kan bakana cewa rufa ido ya fi yawa a ciki. Amma Abba, in dai komawa za ka yi, ka yi aikin sulken gidan su Wrex kafin ka sauka Virmire. In ka karɓo masa shi, zai saurare ka ko makin lallashinka bai kai ba.

Abban Gwale: Na gode Yaya, wannan ban sani ba, wancan karon da maki na tsallake. Na gode Anti Ummi, Hajiya, Baba Malam, kowa da kowa. Na yanke shawara, bayan jarabawa zan faro daga na farko. Abu ɗaya nake tunani tun ɗazu: a Virmire dole a bar ɗaya tsakanin Kaidan da Ashley ya mutu, kuma wancan karon Kaidan na bari. Ban sani ba ko in maimaita yadda na yi, ko in ceto shi wannan karon.

Hajiyar Ferelden: Kada ka yanke yanzu, ɗana. Bari sai ka isa wajen, ka ji muryoyinsu biyu a rediyo.

Ɗan Maraɗi: In ka kai Tuchanka ka dawo nan ka ba mu labari. Ni ma yau zan nemo tsohon fayil ɗina na Witcher 2 in kwafe shi a filash.